Muryar Mijina Za Ta Mayar da Inna Ƙauye

Assalamu alaikum Anti Zubaida. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, domin maganar nan ba a yin ta da ƙarfi a garinmu yanzu.

Ni 'yar wani ƙauye ce a yankin Gwashi ta Bukkuyum, amma a Gummi nake aure. Mijina, bari in kira shi Makau, wakilin wata tashar rediyo ce mai zaman kanta. Mai tashar jigo ne a jam'iyyar da ke riƙe da kujerun yankinmu, ga kuma zaɓe ya matso.

Farkon damina 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu da hantsi, mutane na gona. Suka harbe Kawu Haladu, ƙanen Innata, yana tsakiyar noma, suka kora shanu, suka tafi da mata. Inna ta gudo wurina da zanen da ke jikinta. Makau da kansa ya je jana'iza, ya naɗo muryoyin mutane suna kuka. Da lokacin labarai ya yi, sai muka ji wai ɗan saɓani aka samu a kan iyakar gona, kuma an shawo kansa. Ko murya ɗaya ba su saka ba. Ranar bai iya cin abinci ba.

Su kuma 'yan adawa suna da wani shafi a intanet. Can suka ce an shafe ƙauyen gaba ɗaya, suka lissafa matattu har da Bello mai shayi, wanda ga shi nan da ransa a tashar motar Gummi. Tun daga nan Inna ta ce ba ta ƙara sauraron abin da ya fito daga waya, maƙaryata ne.

To Anti, makon jiya aka ɗauki Makau cikin ayarin motoci da jami'an tsaro zuwa wajen ƙauyenmu, aka tsaya bakin titi, aka kawo masa mutanen da zai yi hira da su. Ya dawo ya karanta cewa zaman lafiya ya samu, manoma su koma su yi girbi. Inna na zaune da rediyo a cinyarta. Ta ce gero ya nuna, tsuntsaye na ci, kuma surukinta ba ya yi mata ƙarya. Ta ƙulle kayanta, ranar kasuwa mai zuwa za ta bi mota, har da wasu matan ƙauyenmu da suka ce ai mijin ɗiyar Inna ne ya faɗi. Kunyar surukuta ta hana ta tambaye shi, shi ma ko inda take ba ya kallo. Ni kuma na sani, domin ya gaya mini da bakinsa: ko kusa da ƙauyen ba su je ba, kuma direbobi sun ce har yanzu ana ganin babura a dajin.

Ba a nan ta tsaya ba. Shafin 'yan adawar ya buga hotonsa, aka rubuta wai infoma ne, yana rufa wa 'yan bindiga asiri. Kin san abin da wannan kalma ke jawowa a nan. Yayana Ishaq ɗan sa-kai ne, ya daina amsa gaisuwata, ya aiko a ce wa mijina kada ya kuskura ya bi hanyar Anka. Shekaranjiya wasu mutum biyu a kan babur suka tambayi maƙwabciyata wanne ne gidan ɗan jarida.

Makau ya ce in ya ƙi karantawa za a ce ya koma adawa, kuma ya ga yadda aka yi da wani abokin aikinsa da ya gwada. Ya roƙe ni in yi shiru har zaɓe ya wuce. In na gaya wa Inna, na tona mijina, maganar kuma za ta kai kunnen Ishaq. In na yi shiru, ta tafi. Ya zan yi?

Mai Fargaba, daga Gummi.

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Kawu Haladu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu.

Maganar Inna ba ta jiran zaɓe. Kada ki bari ranar kasuwar nan ta zo ba ta san gaskiya ba. Asirin miji abin riƙewa ne, amma ba wanda zai kai uwa hannun masu kisa ba. Ki fara da Makau: ki gaya masa a fili cewa ba za ki bari ta tafi ba, kuma kin fi so maganar ta fito daga gare shi. In kunya ta hana shi, ya aiki dattijon da Inna ke ganin girmansa. In ya ƙi, ki faɗa mata da kanki, a kuma sanar da sauran matan. Ba sai an kira shi maƙaryaci ba. A ce iyakar titi ya gani, bai ga ƙauye ba.

Ban ɗauki mijinki mugu ba. Wanda ya kasa cin abinci ranar da aka danne rahotonsa, zuciyarsa na da rai, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Amma ya sani mutanenku ba mai tashar suka yarda da shi ba, muryarsa suka yarda da ita. In wani ya koma gona saboda ita bai dawo ba, ba za a tambayi wanda ya rubuta ba. Ko ba zai iya ƙin aiki ba, zai iya cewa wane ne ya faɗi kaza, ya daina rantsar da kansa a kan abin da bai gani ba. Ya kai kukansa ga ƙungiyar 'yan jarida tun yanzu.

Batun masu babur shi ya fi tayar mini da hankali. Kada ku raina shi. Ku sanar da mai unguwa da jami'an tsaro, kuma in da hali ya ɗan bar Gummi na wani lokaci. Ki ɗauki babba a dangi ku sami Ishaq. Gara ya ji daga bakinki cewa matsa wa Makau aka yi, da ya ci gaba da yarda da abin da ya gani a waya.

Tashar can ta rage gawarwakinku, shafin nan ya ƙara su, kuma dukansu ƙuri'a suke ƙirgawa. Yadda zaɓe ke matsowa, kowanne zai ƙara ƙaimi, don haka kada ku sa ran wani zai gyara labarin. Labarin hanya, ku tambayi wanda ya biyo ta ranar.

Inna za ta yi fushi, wataƙila ta yi kukan geronta. Ki bar ta ta yi shi a ɗakinki.

Allah ya tsare ku, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Anti Zubaida