Maɓallin Yaya Ishaya

Daren Laraba, Barnawa.

Yau dai na daure na jona ɗan madannin nan mai araha da marigayi Yaya Ishaya yake haɗa kiɗa da shi a kwamfuta, don 'yan kwaya sun dame ni. Kowane maɓalli da sautin da ya saka masa, wannan ganga, wannan tafi. Ina danna na ƙarshe sai ga muryarsa: "Oya, mu je!" Ashe ya ɗauki muryar kansa.

Mama ta fito daga kicin da gudu, hannu duk kumfa. Na ce, "Yi haƙuri Mama, bari in goge."

Ta zauna a bakin katifa. "Kar ka kuskura. Sake dannawa."