Ƙafafun Tsakiya

Laraba, bayan isha'i

Na gaji. Kwana huɗu ke nan ina zana yadda dodon wasan kwamfutarmu zai tashi daga kwance, wannan na wata duniyar, mai ƙafa shida da tsayin bene hawa biyar. Oga ya kalla ya ce, "Malama, wannan ai tebur ne ke miƙewa. Ran Juma'a fa gwajin aikinki zai ƙare."

A hanyar Kuje motarmu ta tsaya wa shanu. Na ga wata saniya ta fara ɗaga baya, gwiwoyin gaba na ƙasa, sannan ta yunƙura. Ni kuwa duk ƙafafun nake tayarwa lokaci guda.

Na gyara huɗu. Biyun tsakiya ne ban san wa zan tambaya ba.