Tagogin Ajinmu Suna Kallon Gabas

Zuwa ga Injiniya mai duba ginin makarantun yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malama ce a wata firamaren ƙauye a ƙasar Kunci. Ina koyar da aji huɗu a sabon ginin da ka sa wa hannu.

Na ɗaya. Ranar da aka kawo zanen, kai da bakinka ka ce mana tagogin bulo ne mai huda, za su kalli kudu da arewa, haske da iska su wadata ba sai an nemi lantarki ko fanka ba. Mun yi murna. Da ɗan kwangila ya zo kafa turaku, sai ya juya ginin ya fuskanci titi, don masu wucewa su ga fenti. Tagogi suka koma gabas da yamma.

Na biyu. Mahaifina tsohon magini ne. Ya taka har wurin ya gaya wa ɗan kwangilar cewa a nan ba a buɗe wa gabas taga, don ta can ruwan damina yake zuwa da iska. Aka ce masa ai shi ginin ƙasa ya sani. Ya yi godiya, ya dawo gida.

Na uku. Da safe rana tana dukan idon yara. Idan hadari ya taso kuwa, feshi har layin kujeru na uku yake kaiwa, ga shi bulo mai huda ba ya rufuwa. Littattafan ɗalibaina sun jiƙe, a kan danga muka shanya su. Dole muka toshe tagogin da buhunan taki. Yau a ajin da aka gina don haske, da fitilar wayata nake haska allo da rana tsaka. Abin yana ci mini rai.

Ranka ya daɗe, ban rubuto don a rushe namu ba, mun haƙura. Amma an kafa turakun gini na biyu, na je na duba, su ma titi suke kallo. An ce da an gama girbin gero za a fara haƙa tushe.

Roƙona, ka zo da zanenka ka tsaya a filin kafin lokacin. Mahaifina ya ce zai raka ka idan kana so. A yanzu dai turaku ne da igiya, da hannu ɗaya ake zare su.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Malamar aji huɗu.