Mai Jan Bargo a Ƙofar Laburare

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya maigidan da yara? Mu nan unguwar Longsight a ƙasar Turawa lafiya lau.

Kin tuna tsohon Baturen da ke kwana a ƙofar laburaren da ƙaramar hukuma ta rufe? Duk Juma'a nakan kai masa sadakar ƙosai. Kin san tarbiyyar Inna, ba na kallon fuskar namiji. Jan bargonsa kawai na sani, sai hannun da ke miƙowa.

Juma'ar nan da rana tsaka na miƙa, sai na ji wata murya tana tambayar lafiyar 'yata Amira. Na ɗaga ido. Maƙwabcinmu ne na saman bene, wanda ke gyara mata keke. Na ɗauka ƙaura ya yi, ban san mai gida ne ya kore shi ba. Ashe tsohon ya rasu tun kafin azumi, shi ya gaji bargon da wurin. Duk makonnin nan shi nake ba wa, bai taɓa tankawa ba.

Yanzu ƙofofin shagunan da aka rufe kamar mu suke jira.

Ki gaida kowa. A sa mu a addu'a, Yaya, mai gidan hayarmu ɗaya da shi.

Ƙanwarki,
Hadiza