Kofin da Ya Tsage

Litinin, 8 ga Disamba
Kwana uku da wucewar guguwa. Na samo littafin nan a cikin tukunyar shinkafa, bai jiƙe ba. Rabin rufin gidana ya tafi teku, bangon gabas ya jingina da bishiyar kwakwa. Maƙwabciyata Mana Iday ta leƙo ta ce, "Malama Sorsing, ashe naki ma ya tafi." Na ce mata gidan da marigayi mijina Takyo ya gina mini da hannunsa ba ya tafiya. Rauni ya ji.

Laraba, 10 ga Disamba
Kapitan Nonoy, shugaban ƙauyenmu, ya kawo takardun gwamnati, duk da Turanci, wai ni zan cike wa mutanen tsibiri. To wa kuma? Shekara talatin da ɗaya ina koyar da Turanci a nan. Gurbi biyu ne a gaban kowane gini: damaged ko destroyed. Kapitan ya ce ai duk kanwar ja ce. Na tuna masa da kofi. Duk wanda ya zauna ajina ya san kofin nan: wanda ya tsage amma yana riƙe ruwa, damaged, wanda ya tarwatse har ya daina aikin kofi, destroyed.

"Malama, ni fa a bayan aji nake zama," in ji shi. Na ce ai da gani.

A gurbin gidana na rubuta damaged, da manyan haruffa.

Alhamis, 11 ga Disamba
Makaranta ce matsalar. In an rubuta destroyed, ba za a sake ginawa ba. Yara arba'in da biyu za a mayar makarantar gari, awa guda a kwalekwale, kuma na san iyayensu za su bi su ɗaya bayan ɗaya. Na je na duba. Ginshiƙai shida, matakala, ƙararrawa. Shi ke nan.

Kapitan ya ce in rubuta kalmar farko kawai, wa zai sani? Ni zan sani. Ban taɓa yi wa kalma ƙarya ba, ba kuma da furfura zan fara ba. Na bar gurbin a buɗe. Mai dubawa zai zo ranar Talata.

Juma'a, 12 ga Disamba
Wani a rediyo ya ce tsibirinmu wiped out. Wato an shafe mu kamar alli a allo. To wa ke gasa kifin nan da nake jin ƙanshinsa? Da ɗalibina ne da ya sha jan biro.

Asabar, 13 ga Disamba
Na ce wa Kapitan tunda kalma ta ƙi ginin, sai a gyara ginin ya dace da kalma. Maza sun fito da guduma, amma babu katako, babu kwanon rufi. Kowa nasa yana teku. Na kama Kapitan yana satar kallon gidana, sau biyu. Katakon Takyo mai kauri ne, ko gara ba ta iya shi. Ya kau da kai. Kallon nasa ya ba ni haushi.

Lahadi, 14 ga Disamba
Bayan coci na ce su cire katakon gidana su kai makaranta. Ban tsaya kallo ba. Mana Iday ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, surutunta kamar kanari.

Talata, 16 ga Disamba
Mai dubawan ashe Rodel Caballes ne, yaron da ya shekara biyu yana rubuta destroyed da harafin i. Yanzu har da tumbi. Ya kama hannuna ya kai goshinsa, yadda ake gaida manya a nan, sannan ya zaga makarantar. Bango uku, rabin rufi, yara a ƙasa suna karatu da ƙarfi.

"Malama, a hoton da aka aiko mana ginshiƙai kaɗai na gani."

Na ce ban aike shi duba hoto ba, yau me idonsa ya gani?

Ya tsaya yana sauraron yaran. Sai ya ce, "Kofin yana riƙe ruwa." Ya rubuta damaged, kowane harafi a mazauninsa. Ni na koyar da shi. Na so duk tsibiri su ji, kuma Mana Iday ta ɗauke mini wannan aikin.

Da zai shiga kwalekwale ya miƙo mini takardar gidana. Wai ya bi ta inda gidan yake a da. "Ni dai ba na gyara wa malamata rubutu," in ji shi.

Laraba, 17 ga Disamba
Na je filin gidana da safe. Matakala uku da tukunyar furen Takyo. Na soke abin da na rubuta, na sa ɗaya kalmar. Haruffa tara, babu kuskure. Tawadar ta ɗan baje a ƙarshe, biron ne ba shi da kyau.

Daga nan ina jiyo ƙofar ɗakinmu tana kuka a jikin aji duk sanda yaro ya shiga. Kapitan ya ce zai sa mata mai. Na ce ya bar ta.