Kyandir Ɗaya a Sharafiyya

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya gida, yaya yara, yaya kuma jikin Baba? Ni da Bulus muna lafiya, sai kewa.

Shekaranjiya ce ranar Miƙa Yesu a Haikali. Na san kun kai kyandirori Fada ya sa musu albarka. Nan Sharafiyya, a ƙasar Larabawa, babu coci, sai na kunna ɗaya a ɗaki. Maƙwabciyata Hajiya Sa'ade ta leƙo ta ce, "Maman Bulus, kyandir da rana tsaka?"

Na ce ranar ce Maryamu ta cika arba'in, ta kai jaririnta Haikali da kurciyoyi biyu. Tsoho Saminu ya rungume shi, ya ce yanzu Allah ya sallame shi lafiya, ya ga hasken da yake jira.

Ta ce, "Ashe yawon arba'in ne. Ke fa, naki tsohon ya ɗauki jikansa?"

Yaya, kin san Baba bai ɗauke shi ba. Bulus har ya fara rarrafe, fasfona kuma yana hannun kafili, ubangidan da ya tsaya mini na shigo ƙasar.

Ki gaida Inna Ladi. Ku sa mu a addu'a. Ki ce wa Baba ya jira mu.

Ƙanwarki,
Saratu