Takaba Tawa, Gida Nata

Likita,

Gaisuwa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ko kana raye ma takardun da suka shafe ni ba karanta su kake yi ba.

Ga labarin gida. Rabi ta iso daga Kaduna. Ka tuna ta? Matarka ta fari, wadda ka rantse mini ka saka tun kafin mu haɗu. Ta zo gidanmu na Camberwell, nan Ingila, da lauya da kwalbar turare, ta yi mini ta'aziyya cikin ladabi, idonta na kan labulen falo.

Ashe ita a rajista kuka yi aure, gaban Bature. Da ka tashi sakinta kuma sai ka yago takardar rubuta magani ka sa layi biyu, ka miƙa mata a kicin. Kotun Ingila ba ta san wannan sakin ba. Ni kuwa a falon abokinka na unguwar Barking aka ɗaura mana, da liman da dabino, kuma kotun ba ta san wannan auren ba. Na tambayi lauya ko shekara goma sha huɗu a gida ɗaya ba ta zama aure. Ya ce wannan zance ne na mutanen gari, doka ba ta san shi ba. Tun da ba ka bar wasiyya ba, gidan nata ne.

Ka ga adalcin da ka shirya? Rabi ba ta yi takaba ba, don a Musulunci sakakkiya ce. Ni nake yi, a cikin gidanta.

Jiya na buɗe durowarka na tarar da fom ɗin kashe aurenku da Rabi a kotu, ka cike shi tsaf, har ka manna kan sarki. Ya yi ja don tsufa. Kai da ka buga wa ƙaramar hukuma wasiƙa bakwai a kan harajin poll tax! Akwatin gidan waya yana bakin layinmu, Likita. Me ya tsare ka? Ganda, ko dai kana son ƙofar nan a buɗe?

Nawa laifin ba zan ɓoye ba. Sau biyu na yi maganar rajista, ka ce aikin masu ƙaramin imani ne. Na yi shiru, da digirina da komai, don kada a masallacin Regent's Park a ce ina hangen gado.

Lauyan ya ce akwai hanya ɗaya ta samun rabo: in rantse kai kake ciyar da ni. Kai? Ni da nake shiga jirgin ƙasa da duhun asuba in je koyarwa? Ba zan rantse ba.

Takaba za ta cika ranar Alhamis. Zan cika ta don Allah. Juma'a in ba Rabi makullai, in nuna mata inda rufin yake yoyo. Fom ɗin kuma na saka maka a akwatin gidan waya da safen nan. Minti uku ya ɗauke ni, zuwa da dawowa.

Allah ya jiƙanka. Shi mai yafiya ne.

Wadda ta yi maka takaba,
Bilkisu